Lissafin Sefa Da Naira A Iyakar Jibiya: Shin Ƙirƙirarriyar Basira Za Ta Maye Gurbin Fomular Excel?

Duk wanda ya san Magama ta Jibiya, inda hanyar da ta taso daga Katsina ke tsallakawa Ɗan Isa ta nufi Maraɗi, ya san ciniki a wurin ba ya ƙarewa da "na saya, na sallama". Bayan an sallama ne ake zaman lissafi. Buhu nawa aka ɗauka, nawa ne kowane buhu a sefa, nawa 'yan canji ke sayar da jika yau, nawa ne kuɗin lodi da na mota a kan kowane buhu, nawa dillali zai ɗauka na la'ada. Duk waɗannan lissafin sau ne, wani a kan wani, kuma da kuɗin ƙasa biyu. Sifili ɗaya in ya ɓace a nan, yana iya tafiya da ribar wata guda.

An daɗe ana wannan aiki da kalkuleta da littafi. Daga baya yaran shago da suka yi boko, da ejan masu fitar da kaya a kwastan, suka fara zuba lissafinsu a Excel, wasu kuma a Google Sheets ko WPS Office a waya. Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, Meta AI kuma ya shigo cikin WhatsApp a Najeriya a Afrilun 2024, sai wata tambaya ta taso: me zai sa mutum ya wahalar da kansa da haddar fomula, alhali ga manhajar ƙirƙirarriyar basira da za ka faɗa wa abin da kake so da baki ta yi maka?

Tambayar tana kan hanya. Babu laifi ka daina haddace fomula, manhajar ta fi ka riƙe su. Inda ake faɗawa rami shi ne a bar mata ninkawar kanta. Kafin mu ga dalili, bari mu tuna yadda jadawalin lissafi ke aiki.

Yadda Excel ke ninkawa

Jadawalin lissafi akwatuna ne jere. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, na kwance suna da lambobi, 1, 2, 3, don haka kowane akwati yana da adireshinsa, kamar B2 ko C4. A ce ɗan kasuwa ya sayo kaya iri uku daga Maraɗi. Farashin da zan kawo misali ne kawai, kada wani ya tafi kasuwa da shi. Aya buhu 137 a kan sefa 28,500. Dabino buhu 42 a kan sefa 46,000. Albasa buhu 65 a kan sefa 17,500. Sunan kaya yana layin A, yawan buhu a B, farashi a C, layin kwance na farko kuma an bar shi don rubuta sunayen layukan. A akwatin D2 sai a rubuta:

=B2*C2

Alamar daidai ita ke shaida wa Excel cewa lissafi ne ke tafe, alamar tauraro kuma ita ce "sau". Da ka danna, zai fito da 3,904,500. Ka kama ɗan ɗigon da ke kusurwar akwatin ka ja shi ƙasa, fomular za ta bi layi ta zama B3*C3 da B4*C4, ta ba ka 1,932,000 da 1,137,500. Jimlarsu sefa 6,974,000.

Saura mayarwa naira. A ce yau jika guda, wato sefa dubu, tana kan naira 2,600, ka rubuta wannan a akwatin G1. A E2 sai ka sa:

=D2/1000*$G$1

Ayar nan ta tashi naira 10,151,700, kayan gaba ɗaya kuma naira 18,132,400. Waɗancan alamomin dala biyu da ke jikin G1 ƙusa ce. Su ke hana adireshin zamewa idan ka ja fomular ƙasa. In babu su, layi na gaba zai nemi canji a G2, ya tarar da akwati babu komai, ya ba ka sifili.

Amfanin duk wannan wahala yana bayyana ne da la'asar, lokacin da ka koma wajen ɗan canji ya ce ai jika ta koma 2,640. Akwati ɗaya za ka gyara, G1, nan take jadawalin ya sake kansa ya nuna maka cewa kayanka sun ƙara tsada da naira 278,960. Wannan shi ne abin da Dan Bricklin da Bob Frankston suka kawo da manhajar VisiCalc a 1979, kuma har yau a kansa Excel yake tsaye: ka taɓa lamba ɗaya, duk abin da ya dogara da ita ya motsa.

Tambaya biyu masu kama da juna

Akwai mai buɗe ChatGPT ko Gemini ya rubuta: "Buhu 137 a kan 28,500, nawa ke nan? Mayar min naira." Akwai kuma mai rubutawa: "Yawan buhu yana B, farashi yana C, canji yana G1, rubuta min fomular da zan sa a D da E." Da ido kamar abu ɗaya suke nema, amma na farko ya ɗauki manhajar a matsayin kalkuleta, na biyu ya ɗauke ta malamin Excel. A aiki na biyu ta ƙware. A na farko sai an yi hattara.

Dalilin yana cikin yadda aka gina ta. Irin waɗannan manhajoji an horar da su ne a kan rubutu mai ɗimbin yawa, aikinsu shi ne hasashen guntun kalmar da ya fi dacewa ya biyo baya. Lambobi ma a wurinsu gutsattsarin rubutu ne, doguwar lamba sukan yanka ta gida-gida kafin su karanta. Bakwai sau takwas sun gan shi sau ba adadi, ba za su kuskure ba. Amma 3,904,500 sau 2.64, wataƙila babu inda aka taɓa rubuta shi. Idan manhajar ta amsa da ka, takan kawo lamba mai tsawon da ya dace, farkonta daidai, ƙarshenta daidai, tsakiyar kuma a karkace. Irin wannan kuskure ya fi na yaron shago haɗari, domin in ka kalle shi ba abin da zai sa ka zarge shi, kuma manhajar ba ta in-ina, da gadara take faɗar daidai, da gadara take faɗar kuskure.

Gaskiya ne abin ya gyaru sosai. Sababbin samfura sukan warware lissafi mataki-mataki, wasu kuma sukan rubuta ɗan shirin kwamfuta a bayan fage su sa shi ya yi ninkawar, sannan su kawo maka sakamako. In an bi ta wannan hanya amsar takan fito daidai. Sai dai kai da ke riƙe da waya a rumfa ba kullum kake sanin wace hanya ta bi ba, musamman a tsarin kyauta. Kamfanin Microsoft da kansa, da ya fara gwajin wata fomula mai suna COPILOT a cikin Excel a Agustan 2025, ya rubuta a shafinsa na taimako cewa kada a yi amfani da ita wajen lissafin lambobi, a koma ga fomulolin Excel na asali a duk aikin da ke bukatar daidaito. Idan mai kaya ya faɗi haka a kan kayansa, mai saye ba shi da ta cewa.

Ko da ma amsar ta fito daidai, lamba ce matacciya. Ka kwafe 10,151,700 ka liƙa a akwati, canji ya motsa, tana nan yadda take. Sai ka sake komawa ka tambaya, ka sake kwafa, layi bayan layi. Bayan mako biyu maigida ya ce a nuna masa yadda aka samu wannan adadi, babu abin nunawa. Fomula kuwa in ka danna akwatin za ta nuna maka asalinta.

Abin da manhajar ba ta sani ba game da bakin iyaka

Nan ne maganar ta fi shafar mutanen Jibiya da Maraɗi fiye da ɗan kasuwar Legas. A ce ka bi shawara, fomula kake nema ba amsa ba. Har yanzu akwai abubuwan da in ba kai ka faɗa mata ba, za ta yi zato, kuma zatonta na mai karatun jarida ne, ba na ɗan kasuwa ba.

Fara da dala. A Hausar Nijar, dala sefa biyar ce, kuma da ita ake ƙirga kuɗi a kasuwa. Dala ashirin sefa ɗari ke nan. Wanda ya ce maka "ɗari" a kasuwar Maraɗi, dala ɗari yake nufi, wato sefa 500. "Ɗari uku" sefa 1,500. Jika dala ɗari biyu ce, sefa dubu. Wannan ƙirga kowane yaro a bakin iyaka ya tashi da ita. Amma rubutun Hausa da ke intanet, wanda manhajar ta koya daga gare shi, galibinsa labarai ne, kuma a labarai dala kuɗin Amurka ce. To ka ɗauka abokin cinikinka ya turo saƙo cewa buhun aya "jika 28 da dala ɗari", ka kwafe saƙon ka miƙa wa manhaja ka ce ta zuba a jadawali. Kai ka san 28,500 ake nufi. Ita tana iya rubuta 28,100, tana iya ma ɗauko canjin dalar Amurka ta ninka. Na biyun zai fito da lamba mai ban dariya, za ka gane. Na farkon ne mugu: bambancin sefa 400 ne kacal a kan buhu, ido ba zai kama ba, amma a buhu 137 ya zama sefa 54,800, naira 142,480 a canjin misalinmu.

Ita kanta kalmar jika ba ta tsira ba. A ɓangaren Najeriya akwai dattawan da har yau in sun ce jaka, naira 200 suke nufi, gadon zamanin da jaka ke nufin fam ɗari. Kalma kusan ɗaya, ma'ana biyu, tsakaninsu tafiyar 'yan mintuna a mota. Mutum yana gane wadda ake nufi daga wanda ke magana da inda ake maganar. Manhaja rubutu kawai take gani.

Sai ɗigo da waƙafi. Najeriya ta gaji tsarin Ingilishi: waƙafi ke raba dubbai, ɗigo ke raba ɓangaren da bai cika ɗaya ba. Nijar ta gaji na Faransanci, inda abin yake a juye: waƙafi ne na ɓangare, dubbai kuma ana raba su da fili, wasu da ɗigo. Misali mafi sauƙi shi ne darajar sefa kanta, wadda aka ɗaure da yuro tun 1999. A takardar Ingilishi za ka ga yuro ɗaya sefa 655.957 ne, a ta Faransanci kuma 655,957. Wanda ya karanta ta biyun da idon ɗan Najeriya zai zaci sefa dubu ɗari shida da hamsin da biyar ake magana. Haka in rasit ya zo daga Maraɗi an rubuta 28.500, ka shigar da shi yadda yake a Excel ɗin da aka saita da Ingilishi, ya zama ashirin da takwas da rabi. Fomularka lafiya lau take, za ta ninka da gaskiya ta ba ka 3,904.5, wato an rage kuɗin sau dubu.

Bambancin ya shiga har cikin fomula. Excel na Faransanci ya fassara sunayen ayyukansa: SUM ya zama SOMME, PRODUCT ya zama PRODUIT, ROUND ya zama ARRONDI, kuma maimakon waƙafi yana raba sassan fomula da waƙafi mai ruwa. Fomular da ke haɗa ninkawa da tarawa a wuri ɗaya, a kwamfutar Jibiya ita ce:

=SUMPRODUCT(B2:B4,C2:C4)

A kwamfutar Maraɗi kuwa:

=SOMMEPROD(B2:B4;C2:C4)

In fayil ɗin Excel ɗin kansa ka tura wa abokin hulɗarka, babu damuwa, kwamfutarsa za ta fassara da kanta lokacin buɗewa. Matsalar tana zuwa ne in ka kwafe fomular daga hira da manhaja ka tura masa ta WhatsApp a matsayin rubutu, ya liƙa, ta ƙi aiki, a fara zargin juna. A nan ƙirƙirarriyar basira tana da rana ƙwarai: ka ce mata ta ba ka fomular iri biyu, ta Ingilishi da ta Faransanci, cikin daƙiƙa ta gama.

Na ƙarshe a wannan babi, kuma mafi tsada, shi ne canji. Kada ka taɓa barin manhaja ta zaɓar maka shi. Iliminta yana tsayawa ne a lokacin da aka gama horar da ita, in kuma ta leƙa intanet, farashin banki ko na shafukan canji za ta ɗauko, ba na teburin ɗan canjin da za ka miƙa wa kuɗi ba. Dubi abin da ya faru a 'yan shekarun nan. An rufe iyakokin tudu a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. A ƙarshen Yulin wannan shekarar aka yi juyin mulki a Yamai, aka sake rufe iyakar, sai Maris na 2024 aka buɗe. A da naira ɗaya ta fi sefa ɗaya daraja, yanzu sefa ce a sama. Manhajar da ta koyi duniya daga rubutun shekarun baya tana iya kawo maka canjin da ya mutu tuntuni. Canji naka ne, ka tambayo shi da bakinka, ka rubuta shi da hannunka a akwati ɗaya.

Yadda za ka tambaya

Ka yi mata bayani kamar yadda za ka yi wa sabon yaron da ya zo daga wani gari, mai ƙwaƙwalwa amma bai san kasuwar ba. Ga irin abin da nake nufi:

"Ina amfani da Excel 2016 na Ingilishi. Layin B yawan buhu ne, layin C farashin buhu ɗaya a sefa, daga layi na 2 zuwa na 40. Akwatin G1 yana ɗauke da yawan nairar da ake ba da sefa dubu. Akwatin G2 kuɗin mota ne a naira a kan kowane buhu. Ba ni fomular D da za ta fitar da jimla a sefa, da ta E da za ta mayar naira, da ta F da za ta ƙara kuɗin mota. Kada ka yi lissafin da kanka, fomula kawai nake so, kuma ka bayyana min abin da kowane sashe ke yi."

Lura da cewa ba a ba ta farashi ko ɗaya ba, ba ta bukatarsu. An faɗi nau'in Excel ɗin ne saboda yawancin kwamfutocin shagunanmu tsofaffin Office ne a kansu, manhajar kuma tana son kawo sababbin fomuloli irin su XLOOKUP da LET, waɗanda Excel 2016 bai san su ba, sai ya rubuta maka #NAME? ya yi shiru. Copilot da ke zaune a cikin Excel, da Gemini da ke cikin Google Sheets, suna ganin jadawalin da idonsu ba sai ka kwatanta ba, amma galibi sai da biyan kuɗin rajista, shi ya sa mafi yawan mutanenmu ta hanyar hira da kwafa suke bi.

Ana iya tambaya da Hausa, manyan manhajojin suna ji gwargwado, ko da yake ba kamar Ingilishi ko Faransanci ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne adadi ya zama da alƙaluma, kuma a ambaci kuɗin da sunansa. Ka rubuta "sefa 28500", ka bar jika da dala a baka.

Maganar kaso ma tana son a fayyace. In ka ce "ƙara la'ada kashi biyu cikin ɗari", a kan me? Kuɗin kaya zalla, ko har da na mota? Manhajar za ta zaɓi ɗaya ba tare da ta tambaye ka ba. Haka harajin kayan masarufi, wanda a Najeriya yake kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, a Nijar kuma kashi 19. In akwatin ka rubuta 7.5% Excel ya san 0.075 ne. In ka rubuta 7.5 tsurarta, harajin kayan naira miliyan biyu zai tashi miliyan goma sha biyar maimakon 150,000. Sannan cire haraji daga farashin da an riga an haɗa shi ciki rabawa ake yi da 1.075. Naira 2,150,000 ta koma 2,000,000 cif. Wanda ya zabge kashi 7.5 daga kanta zai samu 1,988,750, ya ɓatar da 11,250 bai sani ba. Wannan kuskure mutane sun fi manhaja yin sa, kuma in ka tambaye ta za ta yi maka bayaninsa tsaf.

Gwada kafin ka yarda

Fomular da manhaja ta rubuta, kamar sabon sikeli ce, ana ɗora mata nauyin da aka sani tukuna. Sa buhu 10, farashi 1,000, canji 2,000. Dole D ta ba da 10,000, E ta ba da 20,000. In ta kawo wani abu dabam, akwai inda aka raba maimakon a ninka. Daga nan ka danna akwati na ƙarshe a ƙasa ka duba ko har yanzu G1 yake kallo.

Akwai wani ɓoyayyen bambanci da ya kamata a sani. Wani lokaci manhajar takan ba da =PRODUCT(B2,C2) maimakon =B2*C2, kuma muddin akwatunan a cike suke amsarsu ɗaya. Amma in ka manta ba ka sa farashi ba, mai tauraro za ta ba ka sifili, ka gane da wuri. PRODUCT kuwa tsallake akwatin da babu komai take yi, ta dawo maka da yawan buhun a matsayin jimla, ɗan 137 ya laɓe a cikin miliyoyi. Haka in wani ya rubuta "137 buhu" a akwati ɗaya, ya zama rubutu ba lamba ba. Tauraro zai yi ihu da #VALUE!, amma SUM wucewa za ta yi ta bar shi ba ta ce uffan ba. Alama mai sauƙi: in ba a canza saiti ba, lamba tana jingina da gefen dama na akwati, rubutu da gefen hagu.

Sai a duba iyakar fomular. Ka ce wa manhaja kayanka sun tsaya a layi na 40, bayan wata guda sun kai 46, jimlar tana nan tana tarawa zuwa 40. Kada a raina wannan. A 2010 wasu masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun fitar da bincike a kan bashin ƙasashe wanda 'yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, ya karɓi fayil ɗinsu na Excel ya gano cewa fomular ta tsaya ba ta kai ƙasa ba, ta bar ƙasashe biyar cikin ashirin a waje. Ba manhaja ce ta rubuta musu ba, da hannu suka ja. Abin lura a labarin shi ne an kama kuskuren ne saboda fomula ce, ana iya dannawa a gani.

Hanya mafi ƙarfi ita ce a fitar da jimla ta hanya biyu. Tara layin D da SUM, a wani akwatin kuma ka sa SUMPRODUCT ta ninka B da C kai tsaye. A misalinmu dukansu 6,974,000 za su nuna. Ranar da suka saɓa, akwai layin da ya lalace. Wannan dabara ta duba jadawali ta tsaye da ta kwance ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katsina. Malam Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi, inda kowane layi ta ko'ina ka tara shi dole ya ba da adadi ɗaya.

Hoton littafi, sabis da sirri

Wani aiki da mutane suka fara so shi ne ɗaukar hoton shafin littafin ciniki a ce manhaja ta mayar da shi jadawali. Yana rage wahalar bugawa ƙwarai, amma a bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi makaranta a Nijar yakan rubuta 1 da dogon ƙugiya a kai, 7 kuma ya gitta mata sanda. Wanda ya yi a Najeriya yakan rubuta 7 babu sanda. In hannu biyu suka haɗu a littafi ɗaya, ɗayan Maraɗi da bakwan Katsina kusan kamarsu ɗaya, buhu 17 na iya zama 77.

Sai batun sabis. Mutanen Jibiya ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Jibiya, sai a Disamba aka fara dawo da su. Ko ba a katse ba, a bakin iyaka waya takan yi ta tsalle tsakanin layin Najeriya da na Nijar. ChatGPT da Gemini da Meta AI duk sai da intanet. Fomular da ka riga ka zuba a Excel ko WPS Office tana aiki ko babu data. Saboda haka ka zauna rana ɗaya inda sabis yake da kyau, ka sa manhajar ta taya ka gina jadawalin, ka gwada shi, ka ajiye kwafi a waya da kwamfuta. Daga nan aikinka na kullum shi ne cike B da C da G1.

Abin da ka rubuta wa waɗannan manhajoji yana tafiya ne kwamfutocin kamfanin, kuma yana zama a tarihin hirarka a waya, wadda ana iya sacewa ko a ara. Littafin ɗan kasuwar kan iyaka ba ƙaramin sirri ba ne: sunayen masu bashi, lambobin wayarsu, wa zai karɓi kuɗi, nawa, ran yaushe mota za ta taso. A yankin da ya sha fama da masu garkuwa da mutane, wannan bayani ne da ko a majalisa ba a faɗarsa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin kiyaye su. Tun da fomula kake nema, haruffan layuka sun isa. In dole sai ka nuna mata samfuri, ba ta layi uku da sunayen ƙarya da farashin ƙarya, ta rubuta fomular a kansu, kai kuma ka ɗauke ta ka kai ainihin fayil ɗinka.